Makullin Aksul Mai Kama Kansa: Abin Da Muka Koyo A Dutsen Assekrem

A wannan fitowa muna so mu ɗan ajiye maganar farashin kara da takardun kan iyaka, mu leƙa ƙarƙashin mota. Dalili kuwa shi ne, mambobi da dama, musamman masu bin hanyar Agadas zuwa Tamanrasset, sun sha tare mu da tambaya guda. Wai makanikai na ba su shawara su sa wani ƙarfe a cikin aksul na baya wanda ke kulle tayoyi da kansa, an ce in aka sa shi mota ta yi ban kwana da kafewa. To, a sa ko kada a sa?

Mu dai ba makanikai ba ne, sana'armu dabba ce. Amma wanda ya shekara talatin yana zama gefen direba, kuma shi ke biyan kuɗin gyara daga aljihunsa, ba ya rasa abin faɗi. Amsar a taƙaice ita ce, ƙarfen nan yana da amfani ƙwarai a rairayi da duwatsu, amma a kan santsi yana iya zama sanadin asarar dukiya da rai. Ga yadda abin yake.

AIKIN TUKUNYAR AKSUL

Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san in an kai ƙarshen kunya za a juyo, san da ke waje sai ya yi doguwar tafiya, na ciki kuwa kusan a tsaye yake juyawa. Haka tayoyin mota suke a kwana. Alal misali, motar da ke da tazarar mita ɗaya da rabi tsakanin tayoyinta, in ta juyo baya gaba ɗaya, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da wajen mita 4 da rabi. Gingimari kuwa ya kai mita 6. Da a ce sanda guda ce ta haɗe tayoyin biyu, da dole ɗaya ta riƙa gurzar ƙasa a kowace kwana.

Saboda haka ne masu ƙera mota suka sa wasu haƙora a cikin tukunyar nan da ke tsakiyar aksul, wadda farfela ke shiga cikinta. Makanikai na kiran haƙoran difaransha. Aikinsu shi ne su bar kowace taya ta yi gudun da kwana ke bukata, alhali duka biyun suna samun ƙarfi daga inji.

Sai dai difaranshan da aka saba da shi yana da hali guda, raba daidai yake yi. Ba ya ba taya ɗaya ƙarfin da ya wuce abin da 'yar'uwarta za ta iya riƙewa. A kan kwalta wannan adalci ne. Amma da zarar taya ɗaya ta faɗa rairayi mai laushi, ko ta ɗaga sama a kan dutse, ba abin da take riƙewa, don haka ita ma wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi ba ta samun komai. Shi ya sa za ku ga taya ɗaya tana ta watsa ƙura tana haƙa wa kanta rami, ɗayar kuwa ko motsi. Ko mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira kat-kat, in taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suka rasa riƙo lokaci guda, nan za ta tsaya.

Dattawan da suka bi hanyar nan kafin a shimfiɗa kwalta tsakanin In Gezzam da Tamanrasset, tafiyar wajen kilomita 400, ba su manta da rairayin Laouni ba, inda gawarwakin motoci suka yi ta zama alamar hanya. Haka nan tsakanin Arlit da Assamaka, an ɗauki shekara da shekaru shebur da faranti ne abokan tafiya. Mota mai kayan dabino in ta kafe tana iya kwana uku ba abin da ya samu kayan. Mota mai shanu kuwa kowace awa a rana asara ce.

MAKULLI IRI-IRI NE

Maganin wannan matsala shi ne a kulle haƙoran, tayoyin biyu su juya tare. Amma kada a ce makulli kawai a yi shiru, domin iri uku ne muke haɗuwa da su.

Na farko shi ne wanda direba ke sawa ya cire da hannunsa, ta hanyar maɓalli ko liba. Shi ne a yawancin manyan motoci irin su Mercedes da MAN da Howo, kuma wasu Land Cruiser suna fitowa da shi daga kamfani. Akwai kuma na kamfanin ARB na ƙasar Ostareliya mai aiki da iska, wanda ake saya a ɗaura. Direbobin Nijar da Aljeriya kan ce balokaj. A babbar mota mai aksul biyu a baya, makullan ma biyu ne: ɗaya yana haɗe aksul da aksul, ɗaya yana haɗe tayar hagu da ta dama.

Na biyu shi ne wanda ake tambayarmu a kansa, mai kama kansa ba tare da an taɓa komai ba. Wanda ya fi suna shi ne Detroit Locker, ana kuma kiransa NoSPIN a manyan motoci. Ba sabon abu ba ne, tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka ke amfani da shi. Akwai kuma ƙananansa masu araha, irin su Lock-Right, da ake zura su cikin tukunyar da take nan. A wannan iri an cire haƙoran raba daidai, an sa wasu haƙora masu cizon juna da sifirin a bayansu. Ƙa'idarsa guda ce: ba taya da za ta yi ƙasa da gudun da inji ke bayarwa, amma an yarda ƙasa ta ja taya ta wuce shi. Wato a miƙaƙƙiyar hanya kullum a kulle yake. In an shiga kwana, tayar waje takan saki ta yi gaba, ana jin ƙas-ƙas-ƙas, ta ciki kaɗai ke tura mota. Da an miƙe, ko an taka totur da ƙarfi, sai ya sake cizo, wani lokaci da ƙara garam kamar an karya wani abu.

Na uku shi ne wanda ke zaune a buɗe sai taya ta fara zamewa sa'an nan ya kama. Irinsa ne kamfanin Eaton ke yi wa akori-kurar Chevrolet da GMC, ana kiransa G80. Yakan kama ne in gudun taya ɗaya ya fi na ɗayar da kimanin juyi 100 a minti, kuma in mota ta wuce wajen kilomita 30 a awa ba ya kamawa. Ba shi da yawa a hanyoyinmu, amma 'yan kwatano kan shigo da shi jefi-jefi.

Na biyun nan a rairayi ba a magana. Taya ɗaya ko a sama take, ɗayar za ta fitar da mota. Wanda ya ce muku yana aiki, gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne wanda muka gani da idonmu.

ABIN DA YA FARU A ASSEKREM

Ga waɗanda ba su sani ba, Assekrem wani tsauni ne a cikin duwatsun Hoggar, wajen kilomita 80 arewa da Tamanrasset ta hanyar burji da duwatsu. Tsayinsa ya haura mita 2,700, kusan ninki biyu na tudun da garin Tamanrasset yake a kai, kuma ba shi da nisa da Tahat, dutsen da ya fi kowane tsawo a Aljeriya. A samansa akwai ɗakin dutse da wani malamin Kirista Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya gina a 1911, kafin a kashe shi a Tamanrasset a 1916. Akwai kuma tashar auna yanayi. Ba kasuwa a can, kuma motar shanu ba ta hawa. Abin da ya sa muke ambatonsa shi ne, a yini guda mota takan taka rairayin ƙorama, ta hau tsakuwa da duwatsu, in lokacin sanyi ne kuma ta taka ƙanƙara. A tsakiyar Sahara ne, amma a watannin Disamba da Janairu ruwa yakan daskare da dare, wasu shekarun har dusar ƙanƙara takan sauka.

Wata shekara cikin Janairu mun sayar da shanunmu a Tamanrasset muna jiran a haɗa mana dabino, sai mai masaukinmu ya ce danginsa Abzinawa da ke zango a cikin duwatsun suna da 'yan dabbobin sayarwa. Muka ɗauki hayar akori-kura Land Cruiser muka tafi. Tun a hanya muke jin ƙas-ƙas a baya duk lokacin da aka sha kwana. Muka tambaya, direba ya ce haka ya sayi motar, kuma tun da ya saye ta bai taɓa kafewa ba. Gaskiyarsa, mun ratsa ƙoramu masu rairayi da yawa ko tsayawa bai yi ba ya murɗa makullan tayoyin gaba. Da ƙafa biyu ya yi ta tafiya, muna ta yaba mota.

Muka sayi tumaki tara, dare ya yi mana, muka kwana a masaukin da ke gindin tsaunin. Da magariba aka yi ɗan yayyafi, wanda a gida ko ƙura ba zai kashe ba. Da asuba muka tarar da ruwan buta ya zama dutse. Mai masauki ya ce mu jira rana ta ɗaga, mu kuwa muna sauri. Muka loda tumaki, yaronmu ya hau baya tare da su.

Ba mu yi nisa ba muka zo wata kwana da rana ba ta kai gare ta ba, da ɗan hawa a bayanta, hanyar kuma ta ɗan karkata wajen kwazazzabo. Ƙasar ta yi duhu tana sheƙi kamar an zuba mai. Direba ya ba ta wuta kamar yadda ya saba yi a rairayi. Sai muka ji garam, kafin mu ce innalillahi bayan motar ya kwaso gefe guda, gaba yana kallon dutse, baya yana neman rami. Wani ƙaton dutse a bakin hanya ne Allah Ya sa ya tare tayar. Tumaki suka zube gefe ɗaya a kan juna, rago guda ya karye muka yanka shi nan take, yaronmu kuma ya gurɗe a hannu. Da dutsen nan ba ya wurin, da wani ne ke ba ku wannan labari.

Wani dattijon direba Ba'aljere da ya biyo bayanmu ya tsaya, ya leƙa ƙarƙashi, ya sa aka tura motar ya saurari ƙarar. Sai ya ce wa direbanmu, “Ɗana, motarka ba ta da laifi. Abin da ta sani ta yi. Kai ne ba ka san abin da ke cikinta ba.” Muka zauna aka dafa shayi har hantsi, ƙanƙarar ta narke, aka sa ƙafa huɗu da ƙaramar giya, muka sauko lafiya.

ME YA SA SANTSI YA BAMBANTA?

Taya aiki biyu take yi. Tana tura mota gaba, tana kuma riƙe ta kada ta zame gefe. Riƙon da take da shi a ƙasa guda ne, shi ake rabawa tsakanin ayyukan biyu. Tayar da ta fara juyawa a banza ta cinye rabonta, ba ta tura gaba, ba ta hana zamewa.

To, a motar da ba ta da makulli, in aka taka santsi taya ɗaya ce takan zame. Ɗayar tana nan a dafe da ƙasa kamar turke. Motar ba za ta ci gaba ba, amma tana nan inda take. Abin da ke ba mu haushi a rairayi, shi ne ke tsare mu a nan. A motar da aka kulle kuwa, tayoyin biyu tare suke zamewa, ba sauran turke, sai bayan mota ya bi duk inda ƙasa ta karkata. A rairayi ba a ganin haka, domin taya tana nutsewa, rairayin da kansa yana tare ta ta gefe. Ƙanƙara ba ta nutsewa.

Bugu da ƙari, mai kama kansa ba ya shawara da direba. Yana iya saki ko ya ciza a tsakiyar kwana don kawai an ɗaga ƙafa daga totur ko an mayar, kuma kowane cizo yana ɗan fizgar mota. A busasshiyar ƙasa taya takan shanye fizgar. A kan santsi ita ce mafarin zamewa. In kuwa a aksul na gaba aka sa shi, abin ya fi muni, domin za a murɗa sitiyari mota ta ƙi bin kwana, ta miƙe.

Kada a ce ai mu ƙanƙara ba ta dame mu ba. Direbobin da ke sauko da kaya daga arewacin Aljeriya ta Medeya da Jelfa suna haɗuwa da ita a lokacin sanyi, har Ain Sefra da ke bakin hamada ta ga dusar ƙanƙara a 1979 da 2016 da 2018. Mu kuma muna da tamu ƙanƙarar da wani suna: baƙar laka ta yankin Dikwa da Gamboru da damina, jar ƙasa a hawan Mambila bayan ruwa, kwalta a ruwan farko, da kashin shanu da fitsari a bakin wurin lodi. Hukuncinsu ɗaya ne.

Sa'an nan kayanmu ba buhu ba ne. Buhu inda aka ajiye shi nan yake. Sa kuwa a tsaye yake, nauyinsa a sama, in mota ta fizga sai ya jingina da na kusa da shi, nauyin duka ya koma gefe guda a daidai lokacin da ba a so. Wanda ya faɗi kuma kun san abin da ke biyo baya in ba a tashe shi da wuri ba. Ga yaranmu a saman bodi ba abin da ke riƙe da su. Sau da yawa ma dabbobin ba namu ba ne mu kaɗai, amanar mutane ce.

SHAWARWARINMU

1. Kafin a loda dabba a motar haya, a tambayi direba abin da ke cikin aksul ɗinsa. In bai sani ba, wannan ma amsa ce.

2. Gwajin ba wuya. A kashe inji, a sa giya, a tokare tayoyin gaba, a ɗaga na baya duka biyu. A juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya ta baya, difaranshan da aka saba ne. In ba haka ba, a juya su biyun gefe guda har su tsaya, mutum ɗaya ya danne tasa, ɗayan ya juya tasa ta koma. In ta saki tana ƙas-ƙas, mai kama kansa ne.

3. Motar da ke da makulli kowane iri, kada a kuskura a tada inji a sa giya alhali taya ɗaya na kan jak. Za ta sauko ta yi gaba, ko da mutum a ƙarƙashi.

4. Mai sayen makulli don motar dabbobi, ya fi masa ya ƙara kuɗi ya sayi wanda direba ke sawa ya cire. Mai kama kansa ya dace da motar da rayuwarta duka a rairayi da dutse take, kuma a baya kaɗai.

5. Wanda ya riga ya sa, ya tabbatar tayoyin baya girmansu ɗaya, cinsu ɗaya, iskarsu ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya, makullin zai yi ta saki yana cizo a miƙaƙƙiyar hanya, mota ta riƙa ja gefe, sandar aksul guda ta riƙa ɗaukar wahalar biyu.

6. A kan santsi a sa ƙafa huɗu tun kafin a shiga, a rage gudu tun kafin kwana, a riƙe totur wuri ɗaya ba ƙari ba ragi. In baya ya fara zamewa a sassauta ƙafa a hankali, a juya sitiyari wajen da bayan ya nufa, kada a danne birki.

7. A manyan motoci, a sa makulli mota na tsaye ko tana tafiya a hankali, kafin a shiga wuri mai wuya. In taya na juyawa a banza aka danna maɓalli, haƙora za su zube. A fara da na tsakanin aksul da aksul, sai in bai isa ba a ƙara na hagu da dama, kuma da an fita a cire. Babbar mota a kulle ba ta son kwana.

8. Mai hawa Hoggar da sanyi kada ya bar ruwa zalla a lagireto. Ruwa in ya daskare yakan kumbura ya fasa inji. A zuba ruwan maganin daskarewa tun a Tamanrasset, a kuma kare wa dabbobi iska ta gaban bodi, domin dabbar ƙasar zafi ba ta saba da wannan jaura ba.

A ƙarshe, abin da ya fi tsaya mana a rai daga tafiyar nan ba ƙarfen ba ne. An ce mana mu jira rana muka ƙi, sai ga shi mun jira ta dole, da asarar rago da ciwon yaro a kai. Awa uku kacal ƙanƙarar take bukata ta narke. Duk makullin da za ku saya, ba wanda ke ganin hanya, direba ne ke ganinta, kuma mu masu kaya mu ne kan matsa masa ya yi sauri. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Mambobin da ke da abin da suka gani a wasu hanyoyin, su aiko ta hannun sakatarorin rassansu domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare mu da dukiyarmu da yaranmu, amin. Wassalam.